Kwali Tara a Motar Nadia

Janye hannunka, Ayouba. Makullin ba ya kan tebur, ba ya cikin jakar Nadia, yana nan ɗaure a bakin zanena. In kana so, zo ka kwance da kanka, mu ga ko rashin kunyarka ta kai nan.

Zauna mana. Tun daga ƙofar gida kake ɗaga murya kamar mai tallan gawayi, ko gaisuwa ba ka yi ba. Na ji, kai ne babba a gidan nan tun da yayanka ya rasu, ban yi musu ba. Amma ranar da aka kawo ni gidan nan amarya shekararka bakwai, ko wando babu a jikinka, ni na cire maka ƙaya a tafin ƙafa kana ihu. Saboda haka Alhajin nan da ake kiranka da shi a waje, bar shi a bakin ƙofa tare da takalminka.

Abin da ya kawo ka na gane shi. Wai jikata Nadia ta ɗauki motar wasa ta hau hanyar maza, ta karya ta a daji, ta sa ban ga yayata ba har aka binne ta, ta ja wa gida surutu a Zongon Lome. Hukuncinka kuma a karɓe motar a ba ɗanka Samir, ita ta koma hawa zemijan, babur ɗin haya. Haka ne, ko na rage wani abu? To, ka gama naka. Yanzu ka yi shiru.

Motar ƙarama ce, wannan ban ja da kai ba. Ranar da ta shigo da ita na fito na duba gaba na duba baya, na ce mata ina sauran? Ja ce kamar tumatir, in ka tsaya kusa da ita kana ganin rufinta daga sama. An yi ta ne don daga nan zuwa Totsi, daga Totsi zuwa kasuwa, a kai ni asibiti a dawo da ni. Amma tata ce. Shekara huɗu tana tsaye a kantin magani daga safe har yamma kafin ta saye ta. Ka kuma san abin da ya sa ta saya, don kai ma ka je dubiya lokacin da zemijan ya watsar da ita a Agbalépédo. Tabon yana nan a ƙaurinta, tsawon tafin hannuna. Can kake so ta koma.

Ranar Talata Meimuna, 'yar yayata, ta bugo daga Mango, ta ce Inna tana kiran sunanki. Asibi ke nan, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu muka rage. Shekara goma sha ɗaya ban sa ta a ido ba. Babbar mota ba zan iya ba, ga gwiwa, ga ciwon sugan nan da ke tashina fitsari kowace awa, wane direba zai riƙa tsaya mini? Nadia ta ce, Meme, ni zan kai ki. A ranar ta nemi hutu, ta kai motar aka duba mata mai da birki da taya. Mai gyaran ya ce mutum biyu da jaka ɗaya, ku tashi da asuba, kafin magariba kuna Mango. Mutum biyu da jaka ɗaya. Ka riƙe wannan.

Mutum ɗaya na faɗa wa za mu tafi, Rabiatou, don ta riƙa zuba wa kajina tsaba. Kafin la'asar tsakar gidan nan ba wurin sa ƙafa. Ka san halinmu, ba a tafiya arewa da hannu sake. Kowa na da wani a Mango, wanda ba shi da kowa a Mango yana da wani a Kara, ai a kan hanya ne. Rabiatou ta kawo rabin buhun gari. Wata ta kawo jarkar manja. Ga busasshen kifi, ga sabulu, wata har da fanka. Kowacce ta ajiye sai ta ce ɗan saƙo ne, Hajiya, ba nauyi. Zan ce a'a? Rabiatou ce mai wankan gawar mata a unguwar nan, hannunta zan faɗa in na mutu. Nadia ta yi ta ɗagawa tana aunawa da hannu, ta shirya wasu a but, wasu a kujerar baya, ta ce za a iya a hankali.

Sai ga ka. Kai da Samir da mai kura, kwali tara, kowanne an ɗinke shi cikin farin yadi an ɗaure da igiya. Ba ka jira matan sun watse ba, a gabansu ka tsaya ka gyara murya. Ka ce Alƙur'anai ne, waƙafi ga masallacin Mango, ladan ya je wa yayanka Malam Alassani. Mijina. Matan nan suka ɗaga hannu suna sa maka albarka, Rabiatou har da share ido. Ka tuna, ai kana tsaye kana sunkuyar da kai kamar ba ka son yabo.

Nadia ta ɗaga guda ɗaya ta ajiye. Ta juyo ta ce mini da Faransancinta wai ya yi yawa, motar ba za ta ɗauka ba. Me ka ce mata? Ka ce littafin Allah bai taɓa yi wa mota nauyi ba, sai dai ya yi wa zuciyar da boko ya cinye. Ni kuma, ni da bakina, na ce mata rufe mana baki, a ɗauka. Wannan nawa ne. Ba na neman wanda zan ɗora wa shi, kullum da shi nake tashi.

To ina za a sa su? Ba a sa Alƙur'ani a but ƙarƙashin kifi, ba a sa shi wajen ƙafa, ba a ɗora komai a kansa. Aka kwashe kayan mata daga kujerar baya aka jera shida. Biyu aka ɗora a kan rufi, aka zura igiya ta tagogi aka ɗaure, gilashi ya daina rufuwa. Na tara aka ce sai dai in riƙe a cinya. Kayan matan da aka kwashe kuma but ya ƙi ɗauka, sai Samir, gwanin mota, wanda kake so a ba makulli, ya ɗaga shimfiɗar ƙasan ya ciro tayar ajiya ya mirgina ta gefe. Ya ce hanyar arewa kwalta ce sumul, me za a yi da ita. Nadia tana ɗaki tana haɗa mini magunguna, ba ta gani ba. Ni na gani, ban san amfaninta ba. Tana nan bayan ɗakinka har yau, jiya na hango kazarka ta yi ƙwai a ciki.

Kada ka katse ni. Kai ka ce yarinya ba ta iya tuƙi ba, ni kuwa ina cikin motar, kai kana nan kana shan shayi.

Muka tashi bayan sallar asuba, hancin mota na kallon sama, gindinta na shafar ƙasa. Duk tudun da aka yi a hanya don rage gudu sai na ji ƙarfe ya karta a ƙarƙashina. Manyan motocin Burkina suna zuwa bayanmu su danna oda kamar za su haɗiye mu, in sun wuce iskarsu ta kaɗa mu gefe. Yarinyar nan hannunta biyu a kan sitiyari, ba ta yi kuka ba, sai gumi. Ni kuma ga kwalinka a cinya. Ka san sau nawa na yi alwala ranar? Bakwai. Duk tsayawar da muka yi na zaga bayan ciyawa, sai na sake alwala kafin in karɓi kwalin, don ba zan ɗora littafin Allah a jikina ba tsarki ba. Kafin Atakpame ƙafafuna sun mutu, na tsunkule su ban ji ba. Na ce ba komai, kowane taku lada ne ga Alassani.

A wani shinge wani mai kaki ya tsayar da mu, ya ce mene ne wannan a kan rufi. Na ce Alƙur'anai ne na waƙafi. Ashe Musulmi ne. Ya ja da baya, ya sa hannu a ƙirji, ya ce mu sa shi a addu'a. Ko igiyar bai taɓa ba. Na ce a raina, Ayouba ya san hanya.

A Blitta muka tsaya shan ruwa. Wani dattijon direba, mutumin Nijar, ya zagaya motar sau biyu, ya tsuguna ya leƙa ƙasa. Ya ce, Hajiya, ku rage kaya, in ba haka ba dutsen da ke gaban Sokode zai rage muku. Nadia ta dube ni. Wanne zan sauke? Na sauke garin Rabiatou da manja da fanka, na bar su wurin wata mai sayar da doya da ban taɓa gani ba. Amanar mata na ajiye a bakin hanya don in riƙe taka. Da muka dawo mun sami manja da fanka, garin kuwa ruwa ya shige shi. Ni na je na tsuguna gaban Rabiatou na ba ta haƙuri, ba kai ba.

Azahar ta wuce muka fara hawan dutse. Motar tana kuka kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Muna cikin kwana sai na ji ƙara a baya, mota ta karkace ta nufi rami. Ramin nan, Ayouba, in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa. Yarinyar da ka ce ba ta iya ba ita ta riƙe ta, ta murɗo ta, ta jingina ta da jikin dutse. Taya ta fashe, wani ƙarfe kuma a ƙafar baya ya karye. Ta fita ta buɗe but, ta kwashe kifi da sabulu, ta ɗaga shimfiɗa. Ta daɗe tana kallon gurbin tayar ajiya, babu komai a ciki. Ta mayar da shimfiɗar.

Sai ruwa ya sauko. Na tuna kwali biyun da ke kan rufi. Na fito, na cire mayafina na shimfiɗa a kansu, na tsaya ina danne bakinsa da hannu don kada iska ta ɗauke. Shekara saba'in da huɗu, daga ni sai ɗankwali, a bakin hanya, masu wucewa suna kallona. Nadia tana ja na in shiga mota, ina ce mata ni in jiƙe ba komai.

Wani makanike daga Bafilo, Abdel, shi ya zo ya ja mu. Da ya ga motar sai da ya yi dariya, ya ce wa ya kawo wannan nan? Taya ya samu a Kara. Ƙarfen kuwa ya ce duk arewa babu, don ba mai hawa irin wannan a can, sai an aiko daga Lome. Jibi, in Allah ya yarda. Filin aikinsa baƙin mai ne ko'ina, ga karnuka biyu suna yawo. Na ce ba za a ajiye kwalayen nan a ƙasa ba. Mutumin kirki, ya shiga gida ya ɗauko teburin da matarsa ke tuya a kai, ya goge, aka jera su a rumfa, aka rufe da tabarmar sallarsa. Matar ta ba mu ɗaki.

Ranar Alhamis da safe Nadia ta durƙusa a gabana. Ta ce, Meme, ki shiga motar haya, awa uku kina Mango, ni zan zauna da mota. Muka je tasha. Direban ya ce ni zai ɗauke ni, kwali tara kuwa sai dai ƙarƙashin kujeru, inda mutane ke sa ƙafa, ko a sama tare da awaki. Nadia ta ce a bar su wurinta. Na ce ita tana can tana bin Abdel, wa zai kore karnuka? Hannuna aka danƙa wa, da sunan mijina. Na bugo wa Meimuna, ta ce Inna ta sha kunu da safe, har ta zauna. Na ce to gobe ma rana ce.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Kafin magariba an kai ta. Ka san mu ba ma ajiye gawa.

Ƙaddara? Yanzu kuma ƙaddara ce. Da ka shigo ba ƙaddara ka ce ba, Nadia ka ce.

Ranar Juma'a ƙarfe ya iso, Abdel ya ɗaura, muka ƙarasa. Na tarar da tabarmi da mata da ƙosan sadaka. Meimuna ta nuna mini gadon, an riga an naɗe katifa. Ta ce tun Laraba Asibi ta hana a rufe ƙofar ɗakin, wai tana so ta ji tsayawar mota. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ce ku duba, ko jar motar ce. An gaya mata ja ce, ka gani. Abin da na samu na yayata ke nan, labarin ƙofa.

Saƙonka kuma na kai. Ban taɓa cin amanar saƙo ba, ba zan fara da naka ba. Ka ce kada in kai wa liman, in ba wa wani Zulkiflu, shi zai kai. Na aika aka kira shi. Na zaci malami zan gani da rawani, sai ga mutum da siminti har gwiwar hannu, da igiyar awo a wuya. Ya kwashe kwalayen a baro, a baron da yake kwaɓa ƙasa, ya jefa su ɗaya kan ɗaya ko bisimilla babu. Na tambayi matan da ke zaune wane ne wannan. Suka ce ai magini ne, shi ke gina gidan hayan nan na bayan kasuwa, mai ɗaki shida, kowane ɗaki da banɗakinsa a ciki, na wani Alhaji ne daga Lome.

Ina za ka? Zauna. Ruwa kake so, ga buta nan. Ai ban zo wurin ba tukuna.

Na tsallake wani abu a Bafilo, bari in koma. Safiyar Juma'ar nan, da za a mayar da kaya cikin mota, Abdel ya je ya yi alwala, don ya ga yadda nake yi. Ya zo ya ce bisimilla, ya ɗaga ɗaya daga cikin biyun da suka sha ruwa a kan rufi. Kwalin ya riga ya jiƙe ya ruɓe daga ciki, ɗinkin yadin ya saki, gindin ya zube. Ni dai ban yi karatu ba, amma na san littafi in ya faɗi ba ya yin ƙarar faranti.

Abdel bai yi dariya ba wannan karon. Ya tsaya da yadin a hannu yana kallon ƙasa. Nadia ta zauna daɓas a cikin baƙin man nan da wandonta mai kyau. Na ce a kawo mini wuƙa. Ba duka na buɗe ba, guda ɗaya na nema, wanda na riƙe a cinya tun daga Lome, wanda na yi wa alwala bakwai. Na san shi, akwai shatin gumina a jikin yadin. Na farke. Iri ɗaya ne.

Na ari allura da zare wurin matar Abdel, na tattara, na ɗinke su yadda ka ɗinke. Na sa Nadia ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, ko uwarta. Ba don kai ba. Don sunan Alassani da aka kira a tsakar gidan nan, ban so a riƙa haɗa shi da wannan a bakin famfo ana dariya ba. Sati uku ke nan yarinyar tana jin abin da kake faɗa a kanta a majalisa, wai ta kashe wa kakarta zumunci, wai mace da sitiyari ƙarshenta ke nan. Tana dawowa daga aiki ta shige ɗaki. Sau biyu ta kawo mini makullin nan ta ce in ba ka a huta. Ni na hana. Na ce bari dai ya zo da ƙafarsa.

Ga ka ka zo.

Miƙo mini matashin nan. A'a, bari, na ɗauko da kaina. Zulkiflu bai gaya maka kwali ɗaya bai cika ba? Ko ya zaci a hanya ya fashe. Ga shi. Shuɗi, mai santsi, da ɗan zanen fure a gefe, an ce tayil ne, irinsa ake sawa a bangon banɗaki don ruwa ya riƙa zamewa. Kullum yana ƙarƙashin kaina, ka ga ko ƙura babu.

Ni jahila ce, Ayouba, ko allo ban gama ba aka yi mini aure. Shi ya sa nake so a taimake ni. Wannan shafin na hana kaina ganin yayata saboda shi, ina so in san wace sura ce. Kai Alhaji ne, karɓi ka karanta mini. In idonka ba ya gani, ba komai, jibi Juma'a. Zan sa mayafina, wanda ya sha ruwan, in kira Rabiatou da matan da suka sa maka albarka, mu tsaya a ƙofar masallaci in liman ya fito in miƙa masa ya karanta wa jama'a.

Makulli yana inda yake. In ka fita ka turo Samir da tayar, a wanke ta, ƙwan kuma ka riƙe.